Allura Cikin Ruwa: Yadda A Ke Neman Akwatin Jirgin Sama a Ƙarƙashin Teku

Duk sa'ad da labari ya zo cewa jirgin sama ya faɗi, Allah ya kiyaye, maganar da za ka ji a rediyo bayan an faɗi yawan waɗanda suka rasu ita ce ana nan ana neman baƙin akwati. In a kan tudu jirgin ya faɗi, neman ba ya daɗewa, domin ido na gani, ƙafa na takawa. To, in a tsakiyar teku ne fa, inda zurfin ruwa ya kai mil biyu ko uku, ba haske, ba hanya, ba kuwa wanda ya ga inda jirgin ya nutse? Hausawa sun ce allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Masana dai ba su yarda su bar wa rabo aikin duka ba. Da suka ga ido ba shi da amfani a can ƙasa, sai suka koma ga kunne. Yau za mu bayyana wa masu karatu yadda a ke wannan aiki na saurare, sa'an nan mu ba da labarin wani jirgin Faransa da ya sa masu nema suka gane cewa rashin jin motsi ba ya nuna babu kowa a ɗaki.

Mene Ne Akwatin Nan?

Sunan dai baƙin akwati, amma launinsa ruwan goro ne mai haske, an shafa masa shi musamman don a hango shi cikin tarkace. Kuma guda biyu ne a kowane babban jirgi. Na ɗaya aikinsa rubuta halin jirgin: nisansa daga ƙasa, saurinsa, inda ya dosa, yadda injuna ke aiki, da abin da matuƙa suka taɓa, har ɗaruruwan abubuwa, ya riƙe na awa 25 da suka wuce. Na biyu kuwa shi ke ɗaukar duk wata magana da ƙara ta ɗakin matuƙa. A kan ajiye su wajen wutsiya, domin nan ne ya fi saura in jirgi ya bugi ƙasa.

Cikin waɗanda suka fara wannan dabara akwai wani masani ɗan Ostareliya, David Warren. Yana ɗan shekara tara ubansa ya rasu a jirgin sama da ya ɓace a teku a 1934. Da ya girma ya shiga cikin masu binciken dalilin faɗuwar jiragen nan da a ke kira Comet a 1953, sai ya ga duk wahalar da su ke sha ta rashin shaida ce, tun da waɗanda suka san abin da ya faru sun tafi da saninsu. Ya ƙera na'urar da za ta zama shaida. Bayan wani haɗari da aka yi a 1960, ƙasarsa ta riga kowace ƙasa kafa dokar ɗaukar maganar matuƙa.

Akwatunan yanzu ba a yarda da su sai an gwada. Dole ɓangaren da ke riƙe da labarin ya jure wuta mai zafin digiri 1,100 har awa guda, ya jure bugu mai tsananin gaske, ya kuma jure matsin ruwa a zurfin mita 6,000, watau ƙafa 20,000. Saboda haka lalacewar akwati ba ita ce babbar damuwa ba. Damuwar ita ce a san inda ya ke.

Abin Da Ya Sa Kunne Ya Fi Ido

Mun saba cewa gani ya kori ji. A ƙarƙashin teku kuwa ji ne ya kori gani. Hasken rana ba ya wuce mita 200 da wani ƙarfi, in an kai mita 1,000 kuwa duhu ne baƙi ƙirin, dare da rana duk ɗaya. Fitila mafi ƙarfi ma ba ta haska nesa. Saƙon rediyo ma, wanda ke ƙetare ƙasashe a sararin sama, ruwan gishiri ya kan shanye shi nan da nan.

Sauti kaɗai ne ruwa ya ke yi wa alheri. Duk yaron da ya taɓa wanka a kogi ya san wannan: in ya nutse, abokinsa ya haɗa duwatsu biyu ya buga a cikin ruwa daga can nesa, sai ya ji kamar a bakin kunnensa aka buga. A cikin iska sauti na tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda. A cikin ruwan teku kuwa yana yin kimanin mita 1,500, watau ya ninka fiye da sau huɗu.

Tun 1826 aka auna wannan. Waɗansu masana biyu, Colladon da Sturm, suka sa kwale-kwale biyu a tabkin Janiba na ƙasar Suwizalan, tsakaninsu fiye da kilomita goma. A ɗaya aka rataya ƙararrawa cikin ruwa, aka shirya yadda in guduma ta buge ta, albarushi zai kama a daidai wannan lokaci. Wanda ke ɗaya kwale-kwalen ya tsoma wani dogon ƙaho cikin ruwa ya kara a kunnensa, da agogo a hannu. Da ya hango walƙiyar albarushi sai ya fara ƙirga, har ya ji ƙarar ta iso. Lissafinsu ya ba su mita 1,435 a sakan, kuma ya yi kusa ƙwarai da abin da na'urorin zamani su ke nunawa a ruwan daɗi mai sanyi. Ƙararrawa a gefe guda, kunne a ɗaya gefen: har yau a kan wannan tushe a ke neman akwatin jirgin sama.

'Yar Ƙararrawar Da Ke Jikin Akwati

A jikin kowane akwati an ɗaure wani ɗan ƙarfe mulmulalle, tsawonsa bai fi na tafin hannu ba, kaurinsa kamar batirin tocila. Mu kira shi ƙararrawa, ko da ya ke ba guduma a cikinsa. Yana nan shiru shekara da shekaru. Ran da ruwa ya taɓa shi, ruwan da kansa zai haɗa masa wuta, sai ya fara kira, sau ɗaya kowane sakan, ba dare ba rana, har batirinsa ya ƙare. A dokar da, kwana talatin aka wajabta masa.

In ka tsoma kunnenka ba za ka ji kiran nan ba. Dalili kuwa shi ne kowane sauti kaɗawa ce, sautin da ya fi siriri ya fi saurin kaɗawa. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan, ƙararrawar nan kuwa tana kaɗawa sau 37,500. An zaɓi siririyar murya haka domin teku wuri ne mai hayaniya: ga injunan jiragen ruwa, ga raƙuman ruwa, ga ruwan sama, kuma yawancin hayaniyar nan kauri gare ta. Siririyar murya ta fi fita daban a cikinsu, kuma ƙaramar na'ura ta isa ta yi ta.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Wanda ya taɓa kwana a ƙauye ana biki a wani ƙauyen ya san cewa kiɗan ganga shi ke isowa, sarewa kuwa a hanya ta ke mutuwa. Haka abin ya ke a ruwa. Siririn sauti ruwa na cinye shi da wuri, har ya zama ba a cika jin ƙararrawar nan daga nisan da ya wuce kilomita biyu zuwa uku ba. To, mai karatu, yi lissafi da kanka. In akwati na kwance a zurfin kilomita huɗu, jirgin ruwa zai iya tsayawa daidai bisa kansa, ya kasa kunne, bai ji kome ba. Bugu da ƙari, ruwan teku hawa-hawa ne, na sama da ɗumi, na ƙasa da sanyi, kuma inda suka haɗu sauti ya kan karkace ya bi wata hanya. In akwai tsauni a ƙasan tekun ya tare kiran, ko laka ta binne ƙararrawar, sai wahala ta ƙaru.

Yadda A Ke Kasa Kunne

Tun da kira ba ya hawowa, tilas kunne ya sauka. Akwai wata na'ura mai kama da makirufo wadda aka yi don jin sauti cikin ruwa. A kan saka ta a wani ƙarfe mai fikafikai, a ɗaura masa igiyar waya mai tsawon kilomita da yawa, a sake shi ya nutse har kusa da ƙasan teku, sa'an nan jirgin ruwa ya riƙa jansa. Tafiyar a hankali a ke yinta, ba ta fi ta mutum mai tafiya a ƙasa ba, domin in aka yi sauri sai na'urar ta taso sama. Jirgin ya miƙe ɗoɗar, ya kai ƙarshen layi, ya juyo ya kama na kusa da shi, kamar mai huɗa a gona. Juyawar kaɗai ta kan ci awoyi saboda tsawon igiya.

A cikin jirgin ga ma'aikata zaune, suna karɓeɓeniya, na'ura tana mai da siririn kiran ya zama wanda kunne zai ji. In aka ji shi, sai a lura da wurin da ya fi ƙarfi a kan layin, a sake ratsawa ta wata fuska, inda layukan suka gamu nan a ke saukar da na'ura mai fitila da hannuwan ƙarfe ta ɗauko.

Dabarar nan ta yi aiki sau da yawa. Ran 23 ga Yuni, 1985, bam ya tarwatsa jirgin Air India da mutum 329 a yammacin ƙasar Ailan. Aka ji kiran, kafin sati uku an ɗauko akwatunan biyu daga zurfin kimanin mita 2,000. Haka kuma ran 19 ga Mayu, 2016, jirgin EgyptAir da ya taso daga Faransa za shi Alƙahira ya faɗa Bahar Rum da mutum 66. Ran 1 ga Yuni wani jirgin ruwan sojan Faransa mai suna Laplace ya ji kiran, ran 16 da 17 ga watan aka fito da akwatunan, saura kaɗan wa'adin batir ya cika. Mu ma abin ya taɓa zuwa kusa da gida: jirgin Kenya Airways da ya tashi daga Abijan za shi Legas ran 30 ga Janairu, 2000, ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa, da 'yan Nijeriya da yawa a ciki, mutum goma kaɗai suka tsira cikin 179. Shi ma daga ƙarƙashin ruwa aka ɗauko akwatunansa.

Daren Da Jirgin Faransa Ya Ɓace

Yanzu ga labarin da ya fi kowanne koyarwa. Da maraicen 31 ga Mayu, 2009, jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, ya tashi daga Riyo ta ƙasar Birazil za shi Faris da mutum 228. Hanyarsa ta ratsa Tekun Atlantika, inda masu kula da sararin sama na Birazil za su miƙa shi ga na Dakar a Senegal. Dakar ba ta taɓa jin muryarsa ba. Cikin daren, 1 ga Yuni ke nan, ya ɓace.

Jirgin ya kan aika da labarin inda ya ke da kansa kowane minti goma. Na ƙarshe ya zo da ƙarfe 2.10 na dare, agogon GMT, bayansa kuma waɗansu 'yan saƙonni na na'ura suka biyo har kimanin minti biyar, sa'an nan tsit. Hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Faransa, wadda a ke kira BEA, ta yi lissafin iyakar nisan da jirgi zai iya yi cikin wannan ɗan lokaci, ta zana da'ira a taswira, daga tsakiya zuwa baki kimanin kilomita 75. Faɗin da'irar ya kai murabba'in kilomita 17,000, watau ya kusa faɗin Jihar Kano. Ƙasan tekun wurin kuwa ba fili ba ne, tsaunuka ne da kwazazzabai, domin ta nan ne dogon jerin duwatsun da ya raba Atlantika biyu ya bi.

Sai bayan kwana biyar aka fara tsintar gawawwaki da tarkace a bisa ruwa, igiyar ruwa ta riga ta kwashe su ta yi nisa da su. Batir kuwa yana ta ci. Faransa ta aika da jirgin yaƙinta mai tafiya ƙarƙashin ruwa, Émeraude, ya je ya kasa kunne. Sojan ruwan Amurka suka ba da aron na'urorin saurare biyu, aka samo jiragen ruwa biyu suna ja. Aka yi ta huɗa, layi bayan layi, har 10 ga Yuli, kwana arba'in ke nan da faɗuwar jirgin. Ba a ji kome ba.

Daga nan aka koma ga wata dabarar sautin. In abin nema ya yi shiru, sai mai nema ya yi kira da kansa ya saurari amsa-kuwwa, kamar yadda jemage ke yi cikin duhu. Na'urar da a ke kira sona tana aika sauti dama da hagu, ya bugi ƙasan teku ya dawo, daga yadda ya dawo sai a zana hoton wurin. Ƙarfe ya kan mai da sauti da ƙarfi fiye da laka, don haka tarkacen jirgi ya kan fito da haske a hoton.

To, ina za a fara? A nan ne shirun nan ya ɓad da masu nema. Wuraren da aka riga aka bi da kunne ba a ji kira ba, sai aka ɗauka an gama da su, aka mai da hankali waɗansu wuraren. A 2010 masana igiyar ruwa suka yi lissafin baya, daga inda aka tsinci tarkace zuwa inda su ke zaton ya fito, aka bi lissafinsu aka duba fiye da murabba'in kilomita 6,000, ba a sami kome ba. Ana cikin haka, a watan Mayu na shekarar, sojan ruwan Faransa suka sake tace abin da Émeraude ya ɗauka, suka ce kamar akwai kira a ciki. Aka garzaya can, nan ma wayam. Iyalan mamata na jira, shekara ta juyo, ba kabari, ba bayani. Kamfanonin jiragen sama ma na jira, domin ga ɗaruruwan jirage irin wannan suna ta tashi kullum, ba wanda ya san tabbas abin da ya kā da ɗan'uwansu.

Tambayar Da Ta Buɗe Hanya

Sai hukumar BEA ta nemi wani kamfanin masu lissafi na Amurka mai suna Metron. Aikinsu shi ne su raba taswira gida-gida, su ba kowane gida nasa kaso na zato, duk wurin da aka duba ba a samu ba a rage masa kaso gwargwadon ingancin dubawar. Tushen wannan lissafi na wani malamin Ingila ne na ƙarni na 18, Thomas Bayes, kuma an yi amfani da irinsa wajen neman jirgin yaƙin Amurka mai suna Scorpion da ya nutse a 1968.

Masu lissafin nan suka duba haɗurran baya, suka ga jirgin da ya ƙwace wa matuƙansa ba ya yin nisa kafin ya faɗi. Wannan ya nuna tsakiyar da'ira. Amma ai an bi tsakiyar da kunne tun watan farko. Sai suka yi tambayar da ta kamata: in ƙararrawar biyu duk ba su yi kira ba fa? A yawancin haɗurran da suka gabata sun yi, shi ya sa kowa ya dogara da su. Amma biyun a jirgi guda su ke, bugu guda suka sha, abin da ya sami ɗaya yana iya samun ɗayar. Suka zana wata taswira bisa wannan zato, sai ga kaso mafi yawa ya taru kusa da wurin da jirgin ya yi maganarsa ta ƙarshe.

A ƙarshen Maris na 2011 ma'aikatan cibiyar binciken teku ta Woods Hole ta Amurka suka koma da na'urori uku masu suna REMUS 6000. Kowace kamar babban kifi ta ke, ba igiya, ba mutum a ciki, a tsara mata hanya ta nutse ta kwana tana bin layi da sona, ta taso a kwashe abin da ta gani. Aka fara daga tsakiya. Cikin kimanin mako guda hoto ya nuna wani abu warwatse a wani ɗan fili tsakanin tsaunuka. Ran 3 ga Afrilu aka sake tura na'ura da kyamara, sai ga injuna, ga ƙafafun jirgi, a zurfin mita 3,900. Tsakanin wurin da inda jirgin ya ba da labarinsa na ƙarshe bai fi kilomita 12 ba. Da aka duba littafin aikin 2009, sai aka ga an ja na'urar saurare ta kusa da wurin nan har sau biyu, ran 22 da 23 ga Yuni, lokacin da batir bai isa ƙarewa ba.

Aka kawo jirgin ruwa mai suna Île de Sein da na'ura mai hannuwa. A zurfin nan matsin ruwa ya kai kamar a ɗora nauyin kilo 400 a kan farcen ɗan yatsa. Ran 1 ga Mayu aka ɗauko ɓangaren da ke riƙe da labari na akwatin farko, kashegari aka gano na biyu. Ƙararrawar na farkon ta ɓalle, ba a gan ta ba. Ta biyun tana nan maƙale, amma da aka gwada ta sai aka tarar ta lalace, ko da sabon batir ba ta aiki yadda ya kamata. Labarin da ke cikin akwatunan kuwa, bayan wata 23 a ruwan gishiri, aka karanta shi sarai. Aka kuma fito da gawa 104, ban da 50 da aka tsinta a 2009.

Rahoton ƙarshe ya fito ran 5 ga Yuli, 2012. Ƙanƙara ce ta toshe 'yan bututun da ke auna saurin jirgi na ɗan lokaci, na'urar da ke tuƙi da kanta ta saki, matuƙin da ke riƙe ya ɗaga hancin jirgin har iska ta daina tallafar fikafikai, matuƙan kuwa ba su gane halin da su ke ciki ba har suka kai ruwa, duka cikin abin da bai kai minti huɗu da rabi ba. Wannan sani ya sa aka sake tsarin koyar da matuƙa a ƙasashe da yawa, musamman tuƙi da hannu a can sama da yadda a ke ceto jirgi in ya shiga wannan hali. Ba don akwatunan nan ba, da zato kaɗai za a yi ta yi.

Ji Ma Yana Ruɗi

Kada mai karatu ya ce to, shiru ne kaɗai abin tsoro. Ran 8 ga Maris, 2014, jirgin Malesiya mai lamba MH370 ya ɓace da mutum 239. A farkon Afrilu, wa'adin batir na gab da cika, jirgin ruwan Ostareliya mai suna Ocean Shield yana jan na'urar saurare a Tekun Indiya, sai ya ji kira har sau huɗu, mai kama da na ƙararrawa. Duniya ta ɗauka an gama. Aka tura na'ura mai sona ta yi makonni tana duba wurin, ba ta ga ko ƙusa ba, a ƙarshen Mayu hukuma ta ce jirgin ba ya nan. A watan Yuli na 2015 teku ta kawo wani ɓangaren fiffikensa gaɓar tsibirin Réunion, amma aka shafe fiye da shekara goma ba a gano gangar jikinsa ba. Teku na da masu kira da yawa: waɗansu dabbobinta suna ƙyasta siririyar murya, na'urorin masu bincike da na jiragen ruwa ma haka. Saboda haka mai saurare na tsakanin ramuka biyu, ya ƙi yarda da wurin da ya yi shiru alhali nan ne, ko ya yarda da kiran da ba shi ba ne.

Gyaran Da Aka Yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan waɗannan haɗurra, ƙungiyar ICAO, wadda ke tsara dokokin jiragen sama na duniya, ta ɗauki shawarwarin masu bincike. Na farko, aka ƙara wa'adin batirin ƙararrawa daga kwana 30 zuwa kwana 90, domin kai jiragen ruwa da kayan aiki tsakiyar teku kaɗai ya kan cinye sati ɗaya ko biyu. Na biyu, manyan jiragen da ke doguwar tafiya bisa teku aka ce a ƙara musu wata ƙararrawa a jikin jirgin kansa, mai kaurin murya, kaɗawa 8,800 a sakan. Wannan ita ce gangar, ana jinta daga nisan da ya ninka na sarewar sau da yawa, in ta kai masu nema ga tarkace sai ƙananan su kai su ga akwatuna. Na uku, tun daga Nuwamba 2018 aka ɗora wa kamfanoni su san inda jirginsu ya ke bisa teku aƙalla kowane minti goma sha biyar. Wannan na ukun shi ne mafi muhimmanci, domin kunne komai kaifinsa ba ya amfani in ba a san gonar da za a huɗa ba.

Wannan magana ta shafe mu. Duk alhajin da ya ƙetare Bahar Maliya, da ɗan kasuwar da ya tafi Sin ko Indiya, da ɗalibin da ya ratsa Atlantika, yana cin moriyar abin da aka ciro daga ƙasan teku, ko ya sani ko bai sani ba. Neman jirgin Faransan nan ya ci fiye da Yuro miliyan 30 da kusan shekara biyu, kuma abin da ya warware shi a ƙarshe tambaya ce guda wadda kowane ɗan makaranta zai iya yi. Malamai su lura da wannan, su koya wa yara: in ka nemi abu ba ka samu ba, kafin ka ce babu shi, tambayi kanka ko abin da ka nema da shi yana aiki. Mai nema yana tare da samu, muddin bai rufe ƙofar da bai leƙa da kyau ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kai matafiya gida lafiya.